DUNIYA MAKARANTA: Shekarar da Baƙo Ya Shiga Ƙungiyar Dodgers

A wannan wata za mu ƙetare teku zuwa Amurka, mu koma baya zuwa shekarar 1947, mu duba yadda wata ƙungiyar 'yan wasa ta yi shekara guda. Sunan ƙungiyar Dodgers, mazauninta kuwa a lokacin Buruklin ne, wani babban yanki na birnin Niyok. Wasan da suke yi shi ne besbol, wanda yawancinmu ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Kada wannan ya sa kowa ya juya shafi, gama za mu bayyana wasan a taƙaice, labarin kuma na kowa ne.

A wannan shekara Dodgers suka ci wasa 94, aka cinye su 60, suka ɗauki tutar rukuninsu, sa'an nan suka sha kashi a gasar ƙarshe. Ƙungiyoyi da yawa sun yi abin da ya fi haka, an kuwa manta da su. Abin da ya sa ake tunawa da wannan shi ne, a cikinta ne baƙar fata ya sake taka filin manyan ƙungiyoyi bayan an yi fiye da shekara 60 da rufe musu ƙofa. Sunansa Jackie Robinson. Tambayar da kowa yake yi a farkon shekarar ita ce, ƙungiyar za ta ɗauki wannan kaya ta kai, ko kuwa za ta watse a hanya?

Yadda Ake Wasan

Mutum tara tara ne a kowane gefe. A tsakiyar fili akwai wurare huɗu da aka shirya kamar kusurwoyin ɗaki, tsakanin kowane biyu ƙafa 90. Uku daga ciki za mu kira su zango na ɗaya, na biyu da na uku, na huɗun kuwa shi ne gida. Gefe ɗaya sukan bazu cikin fili suna tsaro. Ɗayansu, mai jifa, yakan wurga ƙaramar ƙwallo mai tauri da iyakar ƙarfinsa zuwa gida, inda ɗan ɗaya gefen yake tsaye da kulki. In mai kulki ya bugi ƙwallon, sai ya yar da kulkin ya sheƙa zuwa zango na ɗaya. Wanda ya bi zangon nan uku ya komo gida lafiya ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya.

Masu tsaro suna da hanyoyin fitar da shi. In ya kuskure jifa mai kyau sau uku, ya fita. In ya buga sama aka cafe kafin ƙwallo ta taɓa ƙasa, ya fita. In ƙwallo ta riga shi isa zango, ya fita. Amma in mai jifa ya yi jifa marar kyau sau huɗu, sai a ba mai kulki zango na ɗaya kyauta. In kuwa ya buga ƙwallo ta ƙetare katangar fili, sai ya zagaya a hankali ya komo gida, shi da dukan 'yan'uwansa da suke kan zango. Akwai kuma satar zango, watau mutum ya faki idon mai jifa ya ruga zuwa zango na gaba. Da an fitar da mutum uku sai a juya, masu tsaro su ɗauki kulki. Sau tara ake wannan zagaye, ba kuwa agogo ne yake kawo ƙarshen wasan ba. Wasan da wuya ƙwarai, har wanda ya yi bugun nasara sau 3 cikin 10 gwani ake ce da shi.

A 1947 manyan ƙungiyoyi 16 ne, an raba su rukuni biyu, Nashanal da Amerikan, takwas takwas. Kowace takan yi wasa 154 daga Afrilu zuwa Satumba, kusan kowace rana ke nan. Wadda ta fi cin wasa a rukuninta ita ce mai tuta. Masu tuta biyu sukan kara a Gasar Duniya, wadda ta riga cin wasa huɗu ita ce zakara.

Alkawarin da Aka Ɗauka a Ofis

Ba wata doka a rubuce da ta hana baƙar fata wasa. Masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki a tsakaninsu tun kafin 1900, saboda haka baƙaƙe suka kafa nasu ƙungiyoyi dabam, da gwanaye da yawa amma kuɗi kaɗan. Wanda ya ƙudura ya karya wannan al'ada shi ne Branch Rickey, shugaban Dodgers. Dalilinsa biyu ne, bai kuwa ɓoye ba. Ya gaskata wariyar nan zalunci ce, ya kuma san akwai gwanaye a can waɗanda za su ci masa tuta su cika masa fili da 'yan kallo.

Robinson an haife shi a jihar Jojiya a 1919, mahaifiyarsa Mallie ta yi renonsa da 'yan'uwansa huɗu ita kaɗai a Kalifoniya. Ya yi jami'a, ya yi fice a wasanni iri huɗu, ya zama hafsan soja. Mutum ne marar ɗaukar raini. A 1944 an kai shi kotun soja don ya ƙi komawa kujerar baya a cikin bas, kotu kuwa ta wanke shi. Rickey ya san wannan duka sa'ad da ya kira shi ofis ran 28 ga Agusta 1945.

Sun yi wajen awa uku. Rickey ya riƙa kwaikwayon mutanen da Robinson zai gamu da su, mai otal da zai hana shi ɗaki, ɗan wasa da zai taka shi ya zage shi har uwa, yana faɗin zagin a gabansa ba sakayawa. Da abin ya ishi Robinson sai ya tambaya ko matsoraci ake nema wanda ba ya iya ramawa. Rickey ya amsa cewa wanda yake nema shi ne mai ƙarfin zuciyar da zai iya ƙin ramawa. Dukansu biyu 'yan ikkilisiyar Metodis ne, Rickey kuwa ya ɗauko wani littafi na tarihin Almasihu, ya karanta masa inda aka yi bayanin koyarwar nan ta Matiyu sura 5 a kan juya ɗaya kuncin. Lissafin a fili yake. Ranar da Robinson ya ɗaga hannu ya rama, maƙiya za su ce ga shi nan, dā ma mun faɗa, ƙofa kuma ta sake rufuwa shekaru masu yawa. Robinson ya ɗauki alkawari. A 1946 aka tura shi ƙaramar ƙungiyar Dodgers a Montreal ta Kanada, ya fi kowa bugu a rukunin, ƙungiyar ta zama zakara.

Gida Bai Kwanta Ba

Dodgers sun shiga 1947 da ciwo a zuci, gama a 1946 sun yi kunnen doki da Cardinals ta Sant Luwis, aka yi wasan raba gardama, Cardinals suka cinye su. Rickey ya kai su horo Habana ta ƙasar Kyuba, don gudun dokokin wariya na kudancin Amurka. Daga can suka je Panama wasannin gwaji, a nan ne wuta ta tashi daga cikin gida. Waɗansu 'yan wasa, yawancinsu mutanen kudu, suka fara zagayawa da takarda ana neman sa hannu cewa ba za su yi wasa da baƙar fata ba. Cikinsu har da Dixie Walker, wanda mutanen Buruklin suka fi ƙauna, da Bobby Bragan, da mai jifa Kirby Higbe. Pee Wee Reese, ko da yake shi ma ɗan Kentucky ne, ya ƙi sa hannu.

Da manaja Leo Durocher ya ji, sai ya tashe su da tsakar dare ya tara su. Ya gaya musu shi bai damu ba ko mutumin rawaya ne, ko baƙi, ko mai zane irin na jakin dawa, shi ne manaja, ya kuma ce mutumin zai yi wasa. Ya ƙara da cewa wannan mutum zai sa kuɗi a aljihunsu duka, wanda ba ya so kuwa a sayar da shi. Takarda ta mutu a nan. Walker ya rubuta wa Rickey yana roƙo a sauya masa ƙungiya. Yana da kanti a jihar Alabama, daga baya ya ce tsoron kada masu ciniki su guje shi ne ya tura shi.

Ana sauran kwana shida a fara wasa sai wata ta sake faɗowa. Ran 9 ga Afrilu babban shugaban besbol, Happy Chandler, ya dakatar da Durocher shekara guda saboda tarin laifuffuka, har da hulɗa da 'yan caca. Ga ƙungiya ba manaja, ga 'yan wasa ba jituwa. Rickey ya aika wa tsohon abokinsa Burt Shotton waya ya zo daga Fulorida. Shekararsa 62, ya riga ya ajiye aiki, ko rigar wasa bai yarda ya sa ba, sai ya zauna a rumfar 'yan wasa da tufafinsa na gida, yana magana a hankali. Mutane suka yi ta dariya. Ashe da tsohuwar zuma ake magani. Ƙungiyar da take tafasa ba ta bukatar wanda zai ƙara mata wuta.

Afrilu da Mayu

Ran 15 ga Afrilu 1947, a filin Ebbets, Robinson ya fito da lamba 42 a bayansa, yana da shekara 28. An sa shi tsaron zango na ɗaya, wurin da bai saba ba, don Eddie Stanky yana riƙe da na biyu. 'Yan kallo 26,623 ne, filin bai ma cika ba. Bai yi bugun nasara ko ɗaya ba ran nan, amma shi ya kawo makin da ya sa Dodgers gaba, suka ci Braves ta Bostan 5 da 3. Albashinsa na shekarar dala 5,000 ne, mafi ƙanƙanta da doka ta yarda. Shi da matarsa Rachel da jaririnsu ɗan wata biyar suna zaune a ɗaki ɗaya na otal.

Mako guda bayan haka Phillies ta Filadalfiya suka zo. Manajansu Ben Chapman ya ja gaban 'yan wasansa, daga rumfarsu suka yi ta zuba wa Robinson zagin da ba za mu iya sa shi a wannan shafi ba. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ran nan ce ya fi kusa da karya alkawari, har ya ji kamar ya yar da kome ya je ya fasa bakin wani ya kama hanyar gida. Bai yi ba. A zagaye na takwas ya yi bugun nasara, ya saci zango na biyu, ya kai na uku, ya komo gida. Makin nan ɗaya shi ne kaɗai aka ci a wasan.

Kwana uku ana wannan zagi. Sai Stanky, wanda tun farko ya gaya wa Robinson a fuska cewa ba ya murna da zuwansa, ya kasa daurewa. Ya miƙe ya daka wa rumfar Phillies tsawa, ya kira su matsorata, ya ce su nemi wanda yake da izinin ramawa. Rickey ya ce daga baya ba wanda ya haɗa kan Dodgers kamar Chapman. Mutum yana iya ƙin baƙo a zuciyarsa, amma in ya ga ana wulakanta wanda suke sa riga ɗaya, shi kuwa ya yi shiru yana aikinsa, kunya takan kama shi.

Wahala ba ta ƙare a nan ba. A ƙarshen Afrilu Robinson ya ɗauki kulki sau 20 a jere ba nasara, jaridu suka fara cewa a ajiye shi. Shotton ya ƙi, ya bar shi a wurinsa, bai ko yi dogon bayani ba. Wasiƙun barazanar kisa suka shigo har aka sa 'yan sanda. A Filadalfiya otal ɗin da ƙungiyar ta saba sauka ya ƙi karɓarsu saboda shi. Aka kuma roƙe shi ya ɗauki hoto da Chapman don a kwantar da surutu, ya yarda, suka riƙe kulki ɗaya tsakaninsu. Wata jaridar Niyok ta buga labari cewa waɗansu 'yan Cardinals suna shirin ƙin wasa, shugaban rukuni Ford Frick kuwa ya sanar cewa yana bayan Robinson. Masu jifa suka same shi da ƙwallo a jiki sau 9 a shekarar. Higbe kuwa, da ya nace ba zai zauna ba, ran 3 ga Mayu aka sayar da shi ga Pirates ta Pittsburgh. Cikin cinikin aka haɗo wa Dodgers wani ɗan gajeren mutum mai suna Al Gionfriddo, wanda ba wanda ya kula da shi. Ku riƙe sunan nan.

Duk garin da suka je kuwa, baƙaƙe sukan fito da kayan adonsu, waɗansu daga tafiyar kwana guda a jirgin ƙasa. Ran 18 ga Mayu mutum 46,572 suka cika filin Wrigley a Shikago. Kowannensu ya ɗora begensa a kan mutum ɗaya, wannan ma kaya ne.

Yadda Aka Ci Tuta

Kada mu ɗauka mutum ɗaya ya ci tuta, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu duba lissafi. Maƙwabtansu Giants sun yi bugun ƙetare katanga 221 a shekarar, abin da ba a taɓa yi ba kafin lokacin, duk da haka na huɗu suka zo. Dodgers 83 kaɗai suka yi, ba kuwa wanda ya wuce 12 a cikinsu. Da me suka ci? Da haƙuri da gudu. Sun fi kowa a rukunin karɓar zangon kyauta, gama ba sa kai wa jifa marar kyau duka. Reese ya karɓa sau 104, Stanky sau 103. Sun kuma fi kowa satar zango. Stanky ya sami zango, Robinson ya tura shi gaba, Walker ko Carl Furillo ko Bruce Edwards ya kawo su gida. Da haka suka riƙa tara maki kamar mai tara kwabo kwabo.

Wajen jifa, wani yaro ɗan shekara 21, Ralph Branca, ya ci wasa 21. Joe Hatten ya ci 17. In wasa ya zo ƙarshe mai jifa ya gaji, sai a kira Hugh Casey ya rufe ƙofa. Sun kuma yi hasara babba. Ran 4 ga Yuni Pete Reiser, ɗaya daga gwanayensu, yana bin ƙwallo a guje ya yi karo da katangar siminti, kansa ya fashe, har aka kira limamin Katolika ya yi masa addu'ar ƙarshe. Ya rayu, ya komo wasa bayan makonni.

Robinson kuwa daga Yuni ya kama wuta. Ya yi wasa 21 a jere yana bugun nasara a kowanne. Ran 24 ga Yuni ya yi abin da ya zama tambarinsa, watau ya saci gida, ya taso daga zango na uku tun ƙwallo tana hannun mai jifa. In yana kan zango yakan yi ta rawa gaba da baya har mai jifa ya rikice. Bakinsa a rufe, amma ƙafafunsa suna ba da amsa.

Kafin tsakiyar Yuli Dodgers suna kan gaba, ba su kuwa sake sauka ba. A ƙarshen watan suka ci wasa 13 a jere, uku daga ciki a gidan Cardinals. Cardinals suka sake tasowa a Agusta. Ran 20 ga watan ɗan wasansu Enos Slaughter ya taka ƙafar Robinson da takalmi mai ƙusoshi ya yanke shi. Wannan karo 'yan Dodgers ne suka taso da fushi, waɗanda wata biyar baya ake yawo da takarda a tsakaninsu. Ran 26 ga Agusta baƙar fata na biyu ya shigo ƙungiyar, mai jifa Dan Bankhead. Ran 22 ga Satumba da dare Cardinals suka fāɗi a hannun Cubs ta Shikago, tuta ta tabbata, mutanen Buruklin suka fito tituna suna rawa. Kashegari aka yi bikin girmama Robinson a filin Ebbets, mahaifiyarsa tana wurin, aka ba shi mota.

Dodgers suka gama da tazarar wasa 5. 'Yan kallo 1,807,526 suka shiga filinsu, abin da ba ƙungiyar da ta taɓa samu a rukunin kafin lokacin. Robinson ya yi wasa 151, bugun nasara 175, ya kawo maki 125, ya saci zango 29, ya fi kowa a rukunin. Shi aka fara ba lambar gwanin sababbin 'yan wasa. Walker kansa ya shaida a gaban 'yan jarida cewa Robinson ya yi babban aiki wajen cin tutar.

Wasa Bakwai da Yankees

Gasar Duniya ta fara ran 30 ga Satumba, ita ce ta farko da aka nuna a talabijin. Abokan karawa su ne Yankees na Niyok, masu kuɗi da tarin kofuna, da gwaninsu Joe DiMaggio. Yankees suka ci biyu na farko, 5 da 3, da 10 da 3. Dodgers suka ci na uku da ƙyar, 9 da 8.

Wasa na huɗu, ran 3 ga Oktoba, har yau ana ba da labarinsa. Mai jifan Yankees, Bill Bevens, ya kai zagaye na tara ba wanda ya yi masa bugun nasara ko ɗaya, abin da ba a taɓa kammalawa ba a Gasar Duniya kafin lokacin. Amma ya yi ta ba da zangon kyauta, har sau 10. Yankees suna gaba 2 da 1, an fitar da mutum biyu, saura ɗaya. Furillo yana kan zango na ɗaya wanda ya riga ya samu kyauta, aka sa Gionfriddo ya yi gudu a madadinsa, ya saci zango na biyu. Reiser ya fito yana ɗingishi, manajan Yankees ya ce a ba shi zango da gangan. Sai Shotton ya waiwaya ya kira Cookie Lavagetto, ɗan shekara 34, wanda yawancin shekarar a benci ya yi ta. Jifa na farko ya kuskure. Na biyu ya maka shi a katangar dama, mutum biyu suka komo gida. Bugu ɗaya tak Dodgers suka yi a wasan, da shi suka ci 3 da 2. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kashegari Yankees suka ci 2 da 1, Lavagetto ɗin nan kuwa shi aka fitar na ƙarshe. A wasa na shida, gaban mutum 74,065, Dodgers suna gaba 8 da 5, Yankees biyu suna kan zango, DiMaggio ya ɗaga ƙwallo zuwa nesa, wajen ƙafa 415. Kowa ya ɗauka an yi kunnen doki. Gionfriddo, wanda a zagayen nan aka sa shi, ya juya ya yi ta gudu har hularsa ta fāɗi, ya miƙa hannu ya cafe a bakin shinge. DiMaggio, mutumin da ba a san shi da nuna fushi ba, ya shuri ƙasa. Dodgers suka ci 8 da 6. Bragan ma, mai takardar nan, ya yi bugun da ya kawo maki a wasan.

Ran 6 ga Oktoba aka yi na bakwai. Dodgers suka fara gaba 2 da 0, amma masu jifansu sun gaji. Yankees suka kawo Joe Page, ya yi zagaye biyar bugun nasara ɗaya kaɗai aka yi masa. Aka tashi 5 da 2. Mutanen Buruklin suka koma ga maganarsu ta kullum, watau sai baɗi. Wani abin mamaki, Bevens da Lavagetto da Gionfriddo, ba ɗayansu da ya sake wasa a manyan ƙungiyoyi bayan wannan gasa.

Abin da Ya Rage Mana

Walker aka sayar da shi a Disamba 1947. Bragan ya zauna, har tsufansa yana faɗa a fili cewa zama da Robinson ya sauya shi. Ƙungiyar Cleveland ta ɗauki Larry Doby ran 5 ga Yuli 1947, amma sai 1959 ƙungiya ta ƙarshe, Red Sox ta Bostan, ta buɗe ƙofarta. A 1949 Rickey ya kwance wa Robinson alkawarin shiru, a shekarar kuwa aka zaɓe shi gwanin gwanayen rukuni. Baɗin da ake jira ta zo a 1955, Dodgers suka ci Yankees. Bayan wasannin 1957 ƙungiyar ta ƙaura zuwa Los Anjalas, a 1960 aka rushe filin Ebbets. Robinson ya rasu a 1972 yana da shekara 53, kansa fari fat, ciwon sukari ya kusa makantar da shi. A 1997 aka hana ba kowane sabon ɗan wasa lamba 42 a dukan manyan ƙungiyoyi don girmama shi. A 2016 majalisar birnin Filadalfiya ta nemi gafara a hukumance.

Mukan ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, gaskiya ne kuwa. Amma mu lura da irin haƙurin. Robinson ya iya faɗa, ya ajiye faɗan da saninsa, na ɗan lokaci, saboda dubban da suke bayansa. Ya kuwa biya da barcinsa da lafiyarsa. Saboda haka kada mu ɗauki labarinsa mu riƙa miƙa wa duk wanda ake zalunta, mu ce ya yi shiru kawai, mu kuwa mu naɗe hannu. Wanda ya ce wa wani ya yi haƙuri ya ɗauki bashi. Rickey ya biya nasa, ya sayar da gwanin mai jifa don kada ya ja da baya. Shotton ya biya nasa sa'ad da ya ƙi ajiye mutumin da ya kuskure sau 20. Stanky ya biya nasa da tsawa ɗaya, tun zuciyarsa ba ta gama yarda ba.

Yawancinmu ba za a kira mu mu zama Robinson ba. Wurinmu yana cikin sauran 'yan ƙungiya, waɗanda aka kawo wa takarda su sa hannu. A aji, a wurin aiki, a unguwa, har a cikin gida, akwai ranar da baƙo yakan shigo, a fara raɗa a kansa tun bai buɗe baki ba. Iyaye, in kun zauna hira da yara a wannan mako, ku ba su labarin nan, ku tambaye su wa za su zama ran nan, Walker, ko Reese, ko Stanky. Ku bar su su ba da dalili, sa'an nan ku ma ku amsa.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.